Kukokin Mijinyawa na Cikin Kasko

Mijinyawa mutumin Tasawa ne, amma Yamai ce ta ci fiye da rabin rayuwarsa. Ya zo yana saurayi a bayan wata motar gyaɗa, da niyyar ya yi rani guda ya koma gida noma. Sai ya samu aikin ban ruwa a lambunan bakin kogi na Yantala, ranin nan ya zama shekara, shekara ta bi shekara har ya daina lissafi. Gajere ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu, kuma ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi zai amsa maka da fara'a, daga nan sai dai ka nemo wata maganar da kanka. Abin da ya sani shi ne ƙasa. Yakan damƙo ta ya murza, ya shinshina, ya gaya maka ko albasa za ta yarda da ita ko kuwa sai ganyen salati.

Matarsa Tabawa ƴar Maraɗi ce, tana kasa kayan miya a Ƙaramar Kasuwa. Ita ce mai bakin gidan. Abin da Mijinyawa zai kwana uku yana juyawa a ciki, ita kafin ta ajiye tallanta ta faɗe shi. Sun haifi ƴaƴa uku. Biyu ƙyanda ta ɗauke su a wata guda, na ukun kuwa kwanansa goma sha ɗaya a duniya. Daga nan haihuwa ta tsaya, suka zauna su biyu a ɗakin haya a unguwar Bukoki, ba sa tayar da maganar.

Shekara shida kafin ƴancin kai, wani Bafaranshe likitan dabbobi, Mushe Darnal, ya ɗauke shi aikin lambun gidansa a unguwar Filato. Tsoho ne, ba mata ba ɗa, kuma yana jin Hausa saboda daɗewa cikin makiyaya. Ranar farko ya zagaya da Mijinyawa bayan gida, ya nuna masa wani benci a gindin katanga. A kan bencin akwai kasake huɗu na yumɓu marasa zurfi, kowane da itace a ciki. Mijinyawa ya matsa ya duba na farkon, sai ya ja da baya. Kuka ce sosai, da tumbinta da rassanta a baje kamar wadda ke bakin kasuwar garinsu, amma tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba.

"Shekararta goma sha huɗu," in ji Baturen.

"Mushe, me aka yi mata?"

"Ba a yi mata komi ba sai aski. Kai ma za ka iya."

Ya ce a wata ƙasa ta gabas mai nisa ya ga ana yin haka lokacin da yake soja, da ya zo nan sai ya gwada da itatuwan ƙasar. Ya koya wa Mijinyawa yadda ake zare itacen daga kasko bayan shekara biyu ko uku a rage masa saiwa, da yadda ake ɗaura wa reshe ƙaramin dutse da zare har ya sunkuya ya saba. Abin da ya fi nanata masa shi ne ruwa. Da zarar kaka ta wuce itacen ya zubar da ganye, to ko ɗigo kada ya taɓa kaskon, wata biyar ko shida, har sai bazara ta yi ya fito da toho da kansa. In aka ba shi ruwa yana tsirara, saiwar ruɓewa take yi daga ciki, ba mai gani.

Ba a yi shekara uku ba Mijinyawa ya fi maigidan nasa ido. Shi ke fita daji bayan unguwar Lazare ran Lahadi, ya tono ƙananan danya da dashi waɗanda awaki suka gwaguye har suka tsufa ba su yi tsawo ba. Kasake huɗu suka zama tara: kuka biyar, danya biyu, dashi biyu. In zafin bazara ya tsananta, garin ya yi tsit, mutane na neman inuwa, shi lokacin ne yake zumuɗi. Kullum da sassafe zai durƙusa gaban bencin yana bin rassa ɗaya ɗaya. Da fari wani ɗan ƙulli ne ke kumbura a kan reshe, kamar ƙwayar gero. Bayan kwana uku ko huɗu sai ya tsage, wani kore mai sheƙi ya leƙo, alhali ko hadari bai taɓa haɗuwa ba. Ranar da ya ga haka yakan dawo gida da tsire a takarda, Tabawa ta ce, "Yau kuma itatuwan Nasara sun farka ke nan."

Aka samu ƴancin kai, aka yi kaɗe-kaɗe, aka sauke tuta aka ɗaga wata. Shekara na zagayowa Mushe Darnal ya ɗaure kayansa. Ya ce sanyin ƙasarsu zai kashe itatuwan cikin mako guda, don haka na Mijinyawa ne. Ya ba shi almakashinsa da ƙaramar wuƙarsa, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya shiga mota. Wasiƙa ɗaya ta zo daga baya, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta masa, daga ita ba a ƙara jin labarinsa ba.

Gidan na gwamnati ne, aka ba wani ma'aikaci ɗan Damagaram, Mushe Zailani. Mutumin kirki ne, amma ya zo da iyali goma sha ɗaya.

"Baba, aikinka yana nan," in ji shi. "Sai dai ni furanni ba su dame ni ba. Tumatir nake so da kuɓewa da karoti. Waɗancan na kan benci fa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Shi ya bar mini."

"To ka kwashe su tun yara ba su mai da su abin wasa ba."

Da amalanken jaki ya kai su Bukoki, yana tafe a gefe yana riƙe da babbar kukar kamar mai rakiyar marar lafiya. Ya kafa musu benci a bayan ɗaki, ya kewaye da zana saboda awaki. Tabawa ta dawo daga kasuwa ta tsaya ta riƙe ƙugu. Shekara bakwai tana jin labarinsu, yau ta gan su.

"Malam, wannan ce kukar? Ba miya, ba inuwa, ba igiya?"

Ya yi murmushi. Maƙwabta ma suka yi ta leƙe. Wasu suka ce aikin banza ne na Nasara, wasu suka ce ruwan dafa kansa ya ɗauko, itace ba ya tsufa a kasko sai da iskoki. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi ya faru ne da bazarar farko, ranar da Tabawa ta same shi ya zare wata kuka ya kwantar a kan buhu yana datse mata saiwa. Ta daɗe a tsaye tana kallo.

"Ita ta ce maka ba ta son girma?"

"In ba a rage ba kaskon ba zai ɗauke ta ba."

"Mu Allah bai nufe mu da ganin girman namu ba," in ji ta. "Kai kuma ka zauna da almakashi kana hana na Allah girma."

Ta shige ɗaki. Mijinyawa ya zauna da wuƙa a hannu har rana ta take shi. Ya kasa barin itacen a kwance saiwa a waje, sai ya ƙarasa aikin. Kwana biyu tana ajiye masa tuwo ba ta ce masa uffan ba. Daga baya magana ta dawo, amma bayan ɗakin nan ba ta ƙara taka shi ba.

Idanunsa suka fara ba shi wahala a shekara ta uku da ƴancin kai. Da fari kamar hayaƙi yake gani a gefe, sai ya ɗauka gajiya ce. Ya ɓoye wa kowa, yana aiki da hannu da sabo, har ranar da ya tuge kwamin karoti guda na uwargidan Zailani yana zaton ciyawa ce. Zailani bai yi faɗa ba. Ya sa shi a motarsa ya kai shi gidan likita. Likitan ya haska idon ya daɗe, ya ce an makara, abin da ya rage ma tafiya zai yi. Aka sallame shi daga aiki da mutunci, da buhun hatsi da sabuwar riga. Ya dawo Bukoki ya zauna, cin gidan ya koma kan kayan miyar Tabawa.

Da bazara ta zo yana iya bambanta haske da duhu kawai. Ya lallaba bayan ɗaki, ya bi rassan da yatsa, ya ji ƙullayen sun kumbura. Amma aikin toho aikin ido ne. Sai ka ga wanda ya fuskanci waje ka bar shi, wanda ya juya ciki ka tsinke, ka gane reshen da ya mutu da wanda bai farka ba tukuna. Ya ɗauki almakashi ya datse wani reshen danya da ya ji kamar busasshe, sai ya ji danshi a yatsansa. Reshen da ya yi shekara biyar yana lanƙwasawa ne. Ya zauna a ƙasa da shi a hannu.

Bai ji zuwan Tabawa ba sai da ta zare almakashin daga hannunsa.

"Kawo nan kafin ka gama da su. Faɗa mini abin da zan duba."

Tun daga ranar kafin ta tafi kasuwa sai sun yi rabin sa'a a bayan ɗaki. Shi ya ɗora yatsa a reshe, ita ta sunkuya ta gaya masa abin da ke wurin. Ba ta iya faɗin abu a taƙaice ba. Sai ta ce wannan tohon ya buɗe baki kamar ɗan tsako, wancan ja ne kamar an shafa masa lalle, na ƙasan kuma ragon banza ne, har yanzu barci yake. Shi kuwa ya ce tsinke wannan, bar wancan. Wata safiya ta kira shi da ƙarfi tun yana alwala, har ya tsorata, ashe babbar kukar ce ta fashe da toho a kowane reshe cikin dare ɗaya. Da ganyen ya yi yawa suka rage shi, ta tara abin da bai cika tafin hannu ba, ta jefa a tukunya. Da suka zauna cin tuwo ta ce, "To, na janye maganata guda. Akwai miya." Mijinyawa ya yi dariyar da har maƙwabta suka ji, abin da ba su saba ba.

Bazara biyu suka yi haka.

Da sanyin shekara ta biyar Tabawa ta dawo daga kasuwa da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari. Ta ce gobe za ta tashi, goben ba ta tashi ba. Wadda ta yi jinyarta ita ce Zeinabu, wata Bazabarma matar Sumana tela, waɗanda suka kama ɗakin da ke kusa da nasu da daminar da ta wuce. Ita ke dama mata kunu, ita ke juya ta, ita ta raka ta gidan likita aka yi mata allurai. Kwana tara aka yi. Ran na goma da hantsi, Mijinyawa na zaune a bakin gado yana riƙe da ƙafarta, ya ji Zeinabu ta yi salati.

Bayan sadakar bakwai yayan Tabawa, Mamman, wanda ya zo daga Maraɗi, ya ce tsohuwarsu ba ta iya tafiya, tana son ta ji daga bakin mijin ɗiyarta yadda aka ƙare. Mijinyawa ya bi shi da kayan marigayiya a ƙunshe. Bai bar wa kowa sallahu game da itatuwan ba. Hankalinsa ba ya jikinsa, kuma a lokacin ba su bukatar komi, duk sun zubar da ganye. Ya yi niyyar kwana goma, tsohuwar ta riƙe shi har aka yi arba'in.

Ranar da ya dawo Zeinabu ta tarbe shi da ruwan sha, ta share masa ɗaki, ta yi masa sannu da hanya da Hausarta mai gauraye da Zabarmanci. Sannan ta ce, da jin daɗi a muryarta:

"Baba, itatuwan Inna ma ban bar su ba. Na ga sun bushe ƙayau, na ce wayyo, tun da ta kwanta ba wanda ya tuna da su. Safe da yamma nake ba su ruwa, ko fashin rana ɗaya ban yi ba. Har takin awaki na zuba musu."

Ita Zeinabu da damina ne ta tare a gidan, ta ga Tabawa na ba su ruwa kullum, iyakar abin da ta sani ke nan. Famfon unguwar kuwa yana da nisa, a ka take ɗauko kowane bokiti.

Mijinyawa ya tashi ya dafa bango ya zagaya baya, tana biye da shi. Tun kafin ya kai bencin ya ji warin. Ya sa yatsa a kaskon farko, ƙasar ta yi sanyi, ta yi caɓi. Ya danna gindin kukar da babban yatsa, sai ya ji ya shige kamar gwandar da ta nuna ta wuce. Ya bi su ɗaya ɗaya har tara. Zeinabu na tsaye tana jira.

"Sannu da aiki, ɗiyata," in ji shi. "Allah ya biya ki. Daga yau ki huta, tun da na dawo."

Washegari da ta tafi kai wa mijinta abinci kasuwa, ya zare su duka ya kwantar a inuwa. Da hanci da yatsa ya yi ta neman inda ruɓar ta tsaya, yana yankewa yana shafa toka. Wasu da ya taɓa saiwar sai ta zube a hannunsa. Ya yanki yatsansa sau biyu bai kula ba. Ya bar su kwana shida suka sha iska, ya mayar da su cikin busasshen yashi. Da Zeinabu ta tambaya ya ce ai haka ake yi musu kowace shekara.

Sai jira. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ya tsananta har tabarma na ƙuna. Kullum bayan sallar asuba zai lallaba ya bi rassan da yatsa, tun daga dashin da ke gefe har babbar kukar, sannan ya koma ya sake. Rassan dashi suka fara karyewa da kansu. Danya ta saki ɓawo. Wata rana Sumana ya dawo daga aiki yana cewa kukokin hanyar Gamkalle duk sun yi kore, damina ta kusa. Mijinyawa ya ce, "Madalla."

Bayan kwana huɗu ya ji abu a ƙarƙashin yatsansa, a wani reshe na babbar kukar. Ya ɗauke hannu, ya goge a riga, ya sake taɓawa. Ƙulli uku ne. Ya kira Zeinabu ya ce ta duba masa.

"Kore ne, Baba! Wallahi kore ne!"

Ta rangaɗa guɗa, matan gidan suka fito. Shi kuwa ya tambaye ta wane irin kore, ina suka fuskanta, ta ce kore dai, ƙanana. Ranar ya ci abinci sosai. Ya fara ɗiga wa kaskon ruwa da cokali, yana raba shi da ranar tsaka. Tohon ya buɗe, ganye uku suka fito kamar kunnen ɓera. A cikin ransa ya san itace kan fitar da abin da ya rage a jikinsa ko da saiwa ta mutu, ya sha ganin haka a lambu, amma bai yarda ya tuna ba. Ran kwana na goma ya taɓa ganyen ya ji sun yi laushi. Ran na goma sha biyu suka murmushe a yatsansa.

Ya ƙara jira har aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Sannan wata safiya ya juye kasaken, ya tara itatuwan a buhu, ya roƙi Sumana ya kai su bayan gari, kada a sa su a murhu. Ya aika wa ƙanensa Garba, direban kamyo, babbar motar kaya, mai zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram, cewa in ya tashi komawa ya biyo ya ɗauke shi zuwa gida Tasawa.

Ranar tafiya, Garba na ɗaure kaya a waje, Zeinabu ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, jiya na je sayen salati Yantala. Na ba wani tsohon mai lambu labarin itatuwanka. Ya ce ya san ka. Ruwana ne, ko?"

Mijinyawa ya juya fuskarsa wajen muryar.

"Wa ya dama wa Tabawa kunu kwana tara?"

"Baba, ba shi na tambaye ka ba."

"Ni na tafi ban gaya wa kowa ba. In akwai mai laifi ga shi zaune. Ke abin da kika gani yana jin ƙishi kika ba ruwa."

Ta fashe da kuka. Ya lalubo kanta ya dafa, ya sa mata albarka, ya ce ta gaida Sumana in ya dawo. Garba ya kama hannunsa ya hau da shi gaban mota.

A Tasawa ya zauna gidan Garba shekara huɗu. Yana tufka igiya a zaure, manoma na kawo masa ƙasar sabuwar gona a ƙulle a bakin zane ya murza ya gaya musu abin da za su shuka. Ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Labarin bai iso Bukoki ba sai bayan wata biyu, da Garba ya biyo da lodin albasa ya tsaya a ƙofar gidan ya faɗa. Zeinabu na goye da ɗanta na biyu a lokacin. Ta yi masa gaisuwa, ta kawo masa ruwa. Ran Juma'a ta soya masar sadaka kwano guda, ta aika masallacin unguwa aka raba, aka yi wa Mijinyawa da Tabawa addu'a tare.